Yadda Alu Ya Yaye Buba

A farfajiyar albasa ta Hajiya Gudiya, nan bakin hanyar Jega a garin Aliero, babu ma'aikacin da ya kai Alu daɗewa, babu kuma wanda buhun albasa bai san kansa ba kamarsa. Amma fa idan ka same shi a teburin mai shayi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka rantse shi ya dasa garin. Zai gaya maka da ba don shi ba, da yanzu Hajiya tana can tana kasa albasa a bakin titi. Zai gaya maka daga warin buhu yake gane gonar da albasa ta fito. Mai shayi ya ji wannan labari har ya haddace, wani lokaci ma shi ke ƙarasa masa in ya tsaya kurɓar shayi.

Gidan Hajiya yana da al'adarsa tun zamanin marigayi mijinta. Duk sabon ma'aikaci, ranar da ya fara sai a kafa masa jar hula, wata tsohuwar hular saƙa da ta sha gumin mutane da yawa, a danƙa shi a hannun wani tsohon ma'aikaci. Wannan shi ake kira riƙon hannu. Mai riƙon zai koya masa yadda ake juya albasa a cikin rudu, wato rumfunan ciyawar da ake ajiye ta ta sha iska, da yadda ake tsince ruɓaɓɓiya kafin ta ɓata 'yan'uwanta, da ɗinkin bakin buhu, da wanda ake fara gaisarwa da safe. Idan sabon ya nuna, sai a yi yaye. A taru a ci tsire, ya tashi a gaban kowa ya gwada abin da ya koya, Hajiya ta cire masa hular da hannunta.

Duk shekarun nan ba a taɓa ba Alu riƙon kowa ba. Idan aka tsokane shi da haka sai ya ce Hajiya mace ce mai basira, ta san ba a harbin ɓera da babbar bindiga.

To, a bana sai Malam Abdulwahab, dattijon da ke riƙe da makullin farfajiya, ya ce gwiwoyinsa sun gaji, zai koma Kimba ya huta. Makullin nan kuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, da babur yake tafiya, sabo, ja, wanda aka jingine a zaure da ledarsa. Hajiya ta ce akwai sabon ma'aikaci da zai zo, duk wanda ya riƙe shi ya yaye shi da kyau, makulli nasa ne. Kafin ta rufe baki Alu ya riga ya durƙusa a gabanta.

Hajiya Gudiya 'yar tsohuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. In abu ya ɓata mata rai ba ta faɗa, sai ta sauke tabarau zuwa kan karan hanci, ta riƙe ƙugu, ta ce, "To, madalla." Duk farfajiya an fi tsoron wannan madallar fiye da zagi. Ta dubi Alu ta daɗe, sannan ta ce, "Alu, ka daɗe kana hwaɗin ka iya. Ga hili ga mai doki."

Alu bai tsaya ko'ina ba sai gida. Ya tarar da Sagir, ƙanen matarsa Rakiya, ya zo gaisuwa daga Sabiyal. Nan take ya jawo kekensa ya miƙa masa.

"Riƙe, na ba ka kyauta. Ni da keke har abada."

Rakiya ta fito daga kicin da muciya a hannu. "Malam, lahiya? Da mi za ka zuwa aiki?"

"Da babur."

"Ina babur ɗin?"

"Shina zaure, shina jirana."

"Zauren wa?"

"Ke dai ba ki san harkar kamfani ba."

"Awo, ban sani ba," in ji Rakiya. "Amma na san mai sayen kihi a ruwa, da ruwa shika miya."

Sagir dai bai jira a sake shawara ba, ya haye keke ya danna ƙararrawa ya fice. Washegari Alu ya shiga mota zuwa kasuwar Jega ya sayo hular kwano, baƙa mai gilashi. Bai bari an sa masa ita a leda ba, a kansa ya kafa ta, ya bi layin mahauta yana ɗaga gilashi yana gaisawa, yana gayyatar kowa bikin yaye. Wani mahauci ya leƙa bayansa ya tambaye shi inda ya ajiye mashin. Alu ya ce masa manya ba sa shigowa da abin hawa cikin cunkoso.

Sabon ma'aikacin da aka kawo sunansa Buba, daga Andarai ta ƙasar Maiyama. Ba yaro ba ne, magidanci ne mai gemu da iyali, ƙato, faɗin ƙirjinsa ya kusa cika ƙofar rudu. Duk rayuwarsa a gona ya yi ta, bai taɓa aiki a ƙarƙashin kowa ba, shi ya sa ya zo da tsoron kada ya yi abin kunya. Aka kafa masa jar hula ta zauna a tsakar kansa kamar tumatir. Kafin Alu ya iso, don Alu ba ya isowa da wuri, Buba ya riga ya juya rabin rudu guda, ya sunkuya ya ɗaga buhun da mutum biyu ke kamawa ya aza a kafaɗa shi kaɗai.

Alu na shigowa ya ga haka, sai ya yi lissafi. In wannan ƙato ya ci gaba a haka, ai kowa zai fara tambayar me sauran mutane ke yi a gidan.

"Kai! Aje shi! Wa ya aike ka?"

Buba ya sauke buhu a hankali. "Na ga aiki na, malam, shi yas sa nik kama."

"Nan gona ta? Kana tsammani Andarai kake, inda mutum ka aiki kamar jaki har rana ta hwaɗi? Nan kamfani na. Kowane gida da tsarinai, kuma tsarin gidanga a cikin kaina shike."

Ya ja shi gindin dogonyaro ya zaunar da shi, ya yi ta zuba har rana ta take. Ya gaya masa sauran masu riƙon hannu surutu kawai suka iya, shi kuwa ba ya koyarwa da baki.

"Da ido aka koyon aiki. Dokata guda ta: abin da kag ga na yi, shi za ka yi. In na zamna ka zamna, in na tashi ka tashi. Ba tambaya."

"Ba tambaya, malam."

Da ya tsaya a nan da da sauƙi. Amma Alu ya taɓa kallon wani fim na 'yan Sin a wayar mai shayi, inda wani tsoho mai farin gemu ke gwada almajirinsa, abin ya daɗe yana burge shi. Sai ya rage murya ya ɗaga yatsa.

"Kuma ga wani sirri. Akwai ranar da ni da kaina zan ce ka bari. In yi ma hwaɗa, in roƙe ka, ƙila ma in yi kuka. Jarrabawa ta. In kab bari, ka hwaɗi, jar hula ba ta barin kanka har ka mutu."

Buba ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Shi Alu abin da yake nufi shi ne tafiyar ƙasaita da hannu a baya, da yadda yake ɗaukar albasa ya juya ta ya gyaɗa kai, da irin gaisuwar da yake rera wa Hajiya. Ya manta cewa idon da ka buɗe wa mutum ba ya rufewa lokacin da ka ga dama.

Alu yana da wata 'yar ɗabi'a bayan azahar. Yakan zame ya zagaya bayan rudun ƙarshe, ya shimfiɗa buhunan da babu komai, ya rufe fuska da hula. Ran nan yana cikin barcinsa mai daɗi sai ya ji minshari, ya saurara ya ji ba nasa ba ne. Ya ɗaga hula. Ga Buba a gefensa ya miƙe samɓal, jar hula a fuska, ƙafar dama kan ta hagu, daidai yadda shi ya yi.

"Mi kaka yi nan?"

"Koyo nika yi, malam. Sai dai minsharin bai zamna ba tukuna. Naka shina da ɗan usur a ƙarshe."

Alu ya yi tsuru-tsuru, amma bakinsa bai taɓa barinsa a hanya ba. Ya ce wannan shi ake kira sauraren albasa, mutum ya kwanta kusa da rudu ya rufe ido, in ta fara ruɓa hancinsa zai gaya masa. Buba ya jinjina kai, ya ce lallai aikin kamfani akwai zurfi.

Kashegari abin ya kai ga tukunyar Uwani, mai sayar da shinkafa da miya a bakin ƙofa. Shekara da shekaru Alu in zai wuce sai ya ɗaga murfi ya tsamo tsoka guda, wai yana jin gishiri. Uwani ta yi faɗa har ta gaji ta sallama. Ran nan ya tsamo tasa ya yi gaba, ba ta ko ɗaga kai ba. Sai ta ga wani hannu mai faɗin faranti ya biyo baya ya nutse cikin miya.

"Kai kuma wa yan naɗa ka sarkin gishiri?"

"Tsarin kamfani na, Inna," in ji Buba da ladabi, yana taunawa. "Ya ji daidai."

"Tukunyagga ta kamfani ta?" Ta zaro ludayi ta bi su duka biyun. Buba da ya ga malaminsa ya sheƙa, shi ma ya sheƙa. Uwani ta tsaya a tsakiyar farfajiya tana haki. "Alu! Da can kura guda nika tsaro, yanzu ka kawo man yayanta!"

Daga ranar 'yan dako suka sa musu suna, Alu Babba da Alu Ƙarami, ƙaramin kuwa ya ninka babban. Dariya suka yi ta yi har sai da tirelar kudu ta zo lodi. Kowa a gidan ya san bayan Alu yana da kunne, da ya ji hon ɗin babbar mota sai ciwo ya tashi. Tirela na danna hon a ƙofa, Alu ya kai hannun hagu ya dafe baya ya ce, "Wash, bayana!" ya ɗingisa zuwa inuwa. Buba ya tsaya ya kalla da kyau. Ya dafe nasa bayan ya ce, "Wash, bayana!" da murya kamar ta bajimi, ya ɗingisa ya zauna kusa da shi. 'Yan dako suka yi lodin tirela cur suna kallon mutumin da ya fi kowa ƙarfi a Aliero yana fifita da jar hula. A ranar ba wanda ya yi dariya.

Abin da ya fi tsorata Alu ya faru ne wata yamma. Kullum in za a tashi yakan zura albasa biyu ko uku a aljihun riga, na miya, kuma ya ƙware wajen danne aljihun da gwiwar hannu in zai durƙusa. Buba ya ga zurawar, bai lura da dannewar ba. Ya kuma sa matarsa ta faɗaɗa masa aljihu don ya dace da girmansa. Suna fitowa sai ga Hajiya ta sauko daga mota. Alu ya zube, Buba ya zube. Albasa ta ɓarke daga rigar Buba ta bi ƙasa tana gangarawa, wata ta shige ƙarƙashin mota, wata ta je ta tsaya a kan takalmin Hajiya.

"Ranki shi daɗe," Alu ya yi caraf, "gwajin ɗumi na. Sabuwar dabara ta. Albasa mai kyau sai an ji ta a jiki kahin a san ko za ta kai Ikko."

"Haka na, ranki shi daɗe," in ji Buba. "Ta malam ma tana nan aljihunai, shi ya iya riƙo."

Hajiya ta sauke tabarau zuwa karan hanci, ta riƙe ƙugu. "To, madalla," ta ce, ta wuce.

Alu bai jira komai ba, ya ja Buba bayan rudu. Ya fara da faɗa. Ya ce daga yau ya soke doka, kada ya ƙara kwaikwayonsa. Buba ya yi murmushi. Alu ya sauko ya koma lallashi, ya haɗa shi da girman iyayensa, ya tuna masa da zumuncin Aliero da Maiyama. Murmushin Buba ya ƙara faɗi. Daga ƙarshe Alu ya tuno babur a zaure da ledarsa, ya tuno kekensa a Sabiyal, ya tuno mahautan Jega da ya gayyata, sai hawaye suka zubo masa na gaske, ba na albasa ba.

"Kai, malam, ka iya jarrabawa!" in ji Buba cike da sha'awa. "Har da kukan, yadda kac ce. Kada ka damu, ba ni ba ka kunya."

A gida ma bai samu sauƙi ba, don labari ya riga shi isa ta bakin mata masu sayen abinci wurin Uwani. Rakiya ta ajiye masa tuwo ta zauna tana kallonsa.

"An ce ka haihu wurin aiki, ba ka hwaɗa muna mu zo barka ba."

"Rakiya, ki bar ni in ji da abin da ad damuna."

"An ce ɗan ya biyo ka sak. Ai daman barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe."

"Aika ma Sagir shi aro man keken nan na kwana biyu."

"Kai da keke har abada, kai kac ce."

Sai Alu ya yanke shawarar ya gyara da aiki, tunda aiki Buba ke kwaikwayo. Da safe ya zo da wuri har mai gadi ya tambaye shi ko lafiya. Ya shiga rudu ya fara juya albasa, Buba na gefensa yana yi cikin murna. Kafin hantsi ya dubi ludayi, tafin hannun Alu ya yi ja, ƙugunsa ya ƙage, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce bari ya je ya kama ruwa. Ƙafafunsa da kansu suka kai shi bayan rudun ƙarshe, da ya farka kuwa ya ji minshari a gefensa, har da ɗan usur a ƙarshe.

Ya so ya roƙi Hajiya a ɗaga yaye, amma an riga an yi wa mai tsire magana, an aika wa dattawan Andarai su zo su ga ɗansu. Ya zauna ya yi lissafin halin da yake ciki. In ya ce wa Buba yi, zai yi. In ya ce kada ka yi, jarrabawa ce, zai yi. Duk ta inda ya ɓullo sai ya tarar da kansa a tsaye yana jiransa.

Ranar yaye farfajiya ta cika. An shimfiɗa tabarmi, ƙamshin tsire ya danne warin albasa. Ga dattawan Andarai da rawunansu, ga dillalai, ga mahautan Jega da suka amsa gayyata, ga Sagir ya jingine keke a gindin dogonyaro. An fito da babur daga zaure an tsayar da shi a tsakiya, makulli na rataye a hannun babur ɗin. Alu ya iso cikin shadda, hular kwano a hammata. Da ya ga taro kuwa, sai tsoro ya gudu, tsohon hali ya dawo. Ya miƙe ba wanda ya ba shi dama, ya ce duk abin da jama'a za su gani yau aikin hannunsa ne, daga ɗanyen ƙauye ya ƙera ma'aikaci, ko ɗigo babu na wani a ciki.

"Mun ji, kuma mun shaida," in ji Hajiya. "Buba, tashi ka gwada muna yinin ma'aikaci, tun sahe har marece, yadda anka koya ma."

Buba ya tashi ya fice daga farfajiya. Aka yi ta jira. Mutane suka fara duban juna, wani dattijo ya tambaya ko ya gudu ne. Sai can ga shi ya shigo yana jan ƙafa, fuska a murtuke, ya durƙusa.

"Ranki shi daɗe, a yi haƙuri da lattina. Gaisuwar mutuwa nit tai."

"Wa yar rasu?" in ji wani daga cikin 'yan dako.

"Kawun malam na Sabiyal."

"Allahu akbar," in ji Sagir daga gindin bishiya. "Da sahe nib bar shi shina shan kunu."

Dariya ta ɓarke. Buba bai kula ba, aikinsa yake yi tsakani da Allah. Ya goya hannu a baya ya zagaya rudu, ya ɗauki albasa ya juya ta ya gyaɗa kai ya mayar. Ya doshi wajen Uwani, ita kuwa ta rufe tukunya ta haye kan murfin ta zauna. Ya shimfiɗa buhu a gaban dattawan garinsu ya rufe fuska ya ja minshari, da usur ɗin ya fito sai da mahautan Jega suka tafa. Ya tashi ya zura albasa uku a aljihu, ya danne da gwiwar hannu ya durƙusa, ko ɗaya ba ta faɗo ba. Ya waiwayo ya dubi malaminsa da alfahari.

"Ya isa hakanan!" in ji Alu. "Jama'a sun gamsu. Zamna, Buba. Na ce ka zamna!"

Buba ya kashe masa ido ɗaya. "Saura na ƙarshe, wanda malam ka yi muna in Hajiya ta tahi gida."

Ya ranƙwafa ya mai da kansa ɗan ƙarami. Ya kai yatsa ya sauke tabaran da babu zuwa karan hanci, ya riƙe ƙugu, ya yi taku uku irin na tsofaffi, ya siranta murya ya ce, "To, madalla."

Malam Abdulwahab ya tsaya da tsinken tsire a bakinsa. Kowa ya sunkuyar da kai yana satar kallon Hajiya. Ita kuwa ba ta san lokacin da hannunta ya kai ga tabarau ya sauke shi ba, ɗayan hannun ya tafi ƙugu. Uwani ce ta fara fashewa, daga nan ba wanda ya iya riƙewa, har dattawa suna toshe baki da gefen rawani.

Alu ya zube a gaban Hajiya. "Ranki shi daɗe, ban san inda yak kwaso wanga shashanci ba! Ni aiki nik koya mai, juyin albasa da ɗinkin buhu. Wanga halin da shi yaz zo daga ƙauyensu!"

Dattawan Andarai suka daina dariya, ɗaya ya fara laluben sandarsa. Buba ya tsaya baki buɗe, ya rasa ko wannan ma jarrabawa ce. Ana cikin haka sai tirelar kudu, wadda ba wanda ya san da zuwanta, ta tsaya a ƙofa ta danna hon.

"Wash, bayana!"

Murya biyu ce ta fita a tare, hannun hagu biyu suka dafe baya biyu, mutum biyu suka ɗingisa taku ɗaya zuwa inuwa ɗaya. Sai a taku na biyu Alu ya farga, ya tsaya da ƙafa a sama, ga jama'a sun zuba masa ido.

Hajiya ta bari aka gama dariya, ta share idonta da gefen mayafi. "Alu, na daɗe ina jin labarinka, yau gani ya kori ji. Kuma in hwaɗi gaskiya, ban taɓa ganin malamin da karatunai yak kama ɗalibi kamar naka ba." Ta juya ga Malam Abdulwahab ta ce ya ƙara haƙuri da makulli zuwa kaka, a mai da babur zaure. Sannan ta kira Buba. "Ka tuna yadda kaz zo daga Andarai, ranar da kaɗ ɗauki buhu kai ɗai?"

"Na tuna, ranki shi daɗe. Kahin in waye."

"To koma hakanan, wancan shi na tsarin gidanga. Jarrabawa ta ƙare, ni nic ce."

Ta sa ya sunkuyo ta cire jar hula daga kansa. Maimakon ta ba Malam Abdulwahab ya adana kamar yadda aka saba, sai ta taka zuwa wurin Alu ta kafa masa ita, ta danna da kyau.

"Ga sabon shiga nan, Buba. Riƙe hannunai."

Uwani ta zo ta zare hular kwano daga hammatar Alu, ta ce daman tana neman murfin da hannu ba ya shiga. Alu ya buɗe baki ya gaya wa mahautan Jega cewa wannan ƙarin girma ne, a manyan kamfanoni haka ake yi wa wanda za a ba babban muƙami. Bai kai ƙarshen maganar ba ya ji hannu mai faɗin faranti a kafaɗarsa.

"Malam, dokata guda ta," in ji Buba da ladabi. "Abin da kag ga na yi, shi za ka yi."

Ya sunkuya ya aza buhu a kafaɗa ya nufi tirela. 'Yan dako huɗu suka taso da murnarsu, suka kama wani buhun, wanda ya fi kowanne cika, suka ɗora wa Alu. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu. A na uku wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, zafi ya ratsa shi tun daga wuya har diddige, irin wanda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi.

"Wayyo bayana! Jama'a, na gaske na! Wallahi wanga na gaske na!"

Farfajiya ta kaure da tafi. Sagir ya danna ƙararrawar keke, Uwani ta rangaɗa guɗa, wani mahauci ya ce bai taɓa ganin ya yi shi da kyau kamar yau ba. Buba ya dawo daga tirela ya tsaya ya dubi malaminsa, ya girgiza kai cikin tausayi, ya gyara masa zaman buhun a kafaɗa.

"Haba malam," ya ce, "wanga darasi ai mun wuce shi. Taho, saura buhu da yawa."